Ƙwan LED ya fi haske, to me ya sa mota ke ƙin karɓarsa?

Aikin bai fi na minti goma ba. Mai mota ya buɗe murfin fitilar baya, ya zare tsohon ƙwan sigina, ya cusa sabo na LED, ya koma mazauninsa ya taɓa sandar sigina. Haske ya fito tas, ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Sai dai ƙiftawar ta canza. Maimakon ƙas, ƙas ɗin nan na natsuwa da kunne ya saba da shi, sai ta koma kamar bugun zuciyar wanda ya sha gudu. Wani kuma fitilun gaba ya canza, yana tayar da mota sai ga saƙo a dashbod wai ƙwai ya mutu, alhali ga ƙwan nan yana haska bango. Wani rediyonsa ne ya fara shuuu duk sanda ya kunna fitila. Akwai ma wanda ya kashe mota ya zare makulli, da dare ya leƙo ya ga fitilar rufin ciki tana ɗan haske dishi-dishi kamar garwashin da bai gama mutuwa ba.

Mafi yawan masu mota a nan sukan yanke hukunci ɗaya daga cikin biyu: ko dai an sayar musu da jabu, ko kuma wayarin ɗin motar ya lalace. Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa ƙwan lafiyarsa ƙalau, motar ma lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne, tsohon ƙwan da aka cire ba haske kaɗai yake bayarwa ba. Yana da wasu ayyuka na ɓoye da injiniyoyin da suka zana motar suka ɗora masa, ba a rubuta su a jikin kwalinsa ba, kuma sabon ƙwan bai san da su ba.

Tsohon ƙwan mai zare, irin su halojin, abu ne mai sauƙin sha'ani. Wani siririn zare ne na ƙarfen tangistin a cikin gilashi, wuta ta bi ta cikinsa ya yi zafin da ya haura digiri 2,500, sai ya yi haske. Mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama, kaɗan ce ke zama haske, kuma wannan ɓarnar ce ta sa ake neman rabuwa da shi. Amma zaren yana da wasu halaye uku da suka shiga jinin tsarin wutar mota. Yana cin wuta da yawa, kuma adadin da yake ci sananne ne: ƙwan H7 na fitilar gaba wat 55 ne, wato wajen amfiya huɗu da rabi a batir mai bolt 12, ƙwan sigina na yau da kullum wat 21, ƙaramin ƙwan gefe wat 5. Yana da nawa, domin sai ya ɗau ɗan lokaci kafin ya yi zafi ya haska, ya kuma ɗau lokaci kafin ya huce. Sannan ko a kashe yake, hanya ce buɗaɗɗiya da wuta za ta iya bi ta kowane ɓangare, kamar guntuwar waya.

LED ya saɓa wa duka ukun. Cinsa kaɗan ne. Ba shi da nawa ko ɗaya, da wuta ta taɓa shi ya kama, da ta ɗauke ya mutu. Kuma shi dayod ne, wuta ta fuska ɗaya kawai take ratsa shi, sannan manyansa suna tafe da wata 'yar na'ura mai daidaita musu wutar da za su sha, wadda ita ma tana da nata halin. Wani abin sha'awa shi ne su biyun sa'o'in juna ne: a 1962 aka fito da H1, ƙwan halojin na farko na fitilar mota a Turai, a shekarar kuma Nick Holonyak ya samar da LED mai jan haske a kamfanin General Electric a Amurka. Sai dai ɗayan ya shiga mota nan take, aka yi shekaru ana gina komai a kan halinsa, ɗayan kuwa bai kai ga fitilar gaba ba sai wajen 2007 a Lexus LS 600h. Motar da aka ƙera da LED tun daga masana'anta ba ta da waɗannan matsaloli, don an zana wutarta ne da saninsa. Rigimar tana tashi ne idan aka sa shi a gurbin da aka yanka wa wani.

A fara da sigina, tunda ita ce ta fi yawan kai mutane wurin mai wayarin. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ta ce sigina ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti, kuma a samar da hanyar da direba zai gane idan ƙwai ɗaya ya mutu, tunda yana zaune a ciki ba ya ganin bayan motarsa. Hanyar da aka zaɓa ita ce saurin ƙiftawa. Filasha, wato 'yar na'urar da ke kunna sigina tana kashewa, tana auna wutar da ke wucewa ta cikinta. Ƙwai biyu masu wat 21 da ƙaramin na gefe, jimilla wajen amfiya huɗu ke nan. Idan ta ga abin ya faɗi ƙasa da yadda ta sani, sai ta ɗauka ƙwai ya ƙone, ta ninka sauri don ta ja hankalin direba. To ga shi an sa mata LED da ba ya cin ko rubu'in abin da na da ke ci. A wurinta ƙwai ya mutu, kuma aikinta take yi daidai yadda aka koya mata.

Tsofaffin motoci nasu ya sha bamban. Filasharsu da zafi take aiki: akwai wani ɗan falle na ƙarfe iri biyu da aka manne, wutar ƙwai ta ɗumama shi ya lanƙwashe ya yanke hanya, ya huce ya dawo ya haɗa. Wutar LED ba ta isa ta ɗumama shi ba, don haka sau da yawa siginar ba ta ƙiftawa sam, ko ta tsaya a kunne ko ta ƙi kamawa.

Idan filashar tana zaune ita kaɗai a akwatin fiyus ko a ƙarƙashin sitiyari, magani mai tsabta shi ne a cire ta a sa wadda aka yi don LED, wadda ba ruwanta da yawan wutar da ake ja. Amma motocin zamani da dama ba su da filasha ma. Kwamfutar da ke kula da fitilu da ƙofofi da gilasai ce ke ƙifta siginar, ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ake ji kuwa daga wata 'yar lasifika take fitowa a bayan dashbod, an bar ta ne kawai don kunne ya saba. A irin wannan mota babu abin da za a zare a musanya. Nan ne rezista, wato 'yar na'urar da ke shan wuta ta mayar da ita zafi, ke shigowa, kuma nan ne nake ganin ya kamata mai mota ya tsaya ya yi lissafi kafin ya ce a sa.

Rezistar da aka fi sayarwa don wannan aiki ita ce mai ohm 6, wadda aka rubuta wa wat 50, mai rigar alminiyam ruwan zinariya. Ana haɗa ta kafaɗa da kafaɗa da ƙwan LED, ta riƙa jan wutar da ƙwan ya ƙi ja, don motar ta ga kamar tsohon ƙwai na nan. Idan inji na aiki, wutar mota tana kaiwa wajen bolt 14. A raba 14 da 6, an sami amfiya biyu da ɗoriya. A ninka da 14, an sami sama da wat 30, kuma duk zafi ne zalla, ba ko ɗigon haske. Ma'ana, an cire ƙwan da ke cin wat 21 don a rage cin wuta, an maye gurbinsa da abin da ya fi shi ci. An gudu ba a tsira ba.

Zafin nan kuma ba na wasa ba ne. A sigina da ke kamawa tana saki, rezistar tana samun ɗan hutu. Amma a bar fitilun gargaɗi huɗu a kunne na rabin awa a gefen titi, ko a sa irinta a layin birki a shiga cunkoso ƙafa na kan birki, sai ta yi zafin da za ta ƙona yatsa ta narkar da roba. Dole a ɗaure ta da kusa a jikin ƙarfen mota, nesa da wayoyi da kafet da robar fitila. Wanda ya naɗe ta da salatif ya tura ta cikin lungu tare da sauran wayoyi, ya ajiye wa kansa gobara ne sai ranar da ta ga dama. Ga kuma asara ta biyu da ba a cika faɗa ba: tunda rezistar ce ke jan wutar, ko ƙwan LED ɗin ya mutu gobe motar ba za ta sani ba. Siginar za ta ci gaba da ƙas-ƙas ɗinta cikin natsuwa, direba yana ba da hannu da fitilar da ba ta kamawa. An toshe bakin mai gargaɗi ke nan.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da ke jikin kwalayen ƙwai da yawa, wato CANbus. Shi CAN wata hanya ce da kwamfutocin cikin mota ke zance da junansu ta wayoyi biyu. Kamfanin Bosch ne ya fito da ita a 1986, Mercedes kuma ya sa ta a babbar motarsa S-Class ta 1991, yau kusan babu motar da ba ta da ita. Amma ƙwan fitila ba ya kan wannan layi, ba ya aika saƙo, ba ya karɓa. Abin da ke faruwa shi ne kwamfutar fitilu tana auna wutar da kowane ƙwai ke ja, idan ta ga ragi sai ta aika wa dashbod labari ta layin CAN. Ƙwan da aka rubuta wa CANbus, a mafi yawan lokuta, ƙwai ne da aka cusa wa 'yar rezista a ciki don ya ƙara ci. Wani lokaci ƙarin ya isa ya gamsar da motar, wani lokaci bai isa ba, tunda kowane kamfani da iyakar da ya sa. Shi ya sa ƙwai ɗaya zai zauna lafiya a wannan mota ya tayar da ƙura a waccan. Kuma zafin rezistar yanzu yana manne da LED ɗin kansa, wanda babu abin da ya ƙi jini kamar zafi.

Wasu motocin, musamman na Jamus irin su BMW da Volkswagen da Audi, ba sa ma jira a kunna fitila. Da an murɗa makulli sai kwamfutar ta riƙa aika wa kowane ƙwai wata 'yar wuta ta ƙiftawar ido don ta ji ko zarensa na nan. Zaren halojin, saboda nawarsa, bai ma fara ɗumi ba wutar ta wuce, ba wanda ya taɓa ganin komai. LED kuwa sai ya amsa. Shi ne za ka ga fitilun lambar mota ko na gefe suna walƙiya sau uku ko huɗu da an buɗe mota, wasu ma jefi-jefi ana cikin tafiya.

Irin wannan dabara ce ke haddasa rawar haske a fitilun gaba. Ƙwan halojin ba ya son wuta ta wuce kima: ƙarin kashi biyar cikin ɗari a kan ƙa'idarsa yana iya rage rabin rayuwarsa. Don haka motoci da yawa ba sa ba shi wutar altaneta kai tsaye. Sai su riƙa yanka ta gunduwa-gunduwa, kunnawa da kashewa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ta yadda matsakaicin abin da ke isa ga ƙwan zai tsaya daidai. Zare ba ya jin wannan yankan, kafin ya huce wata ta zo. LED yana bin kowace gunduwa, sai hasken ya riƙa karkarwa, wani lokaci ido ya gani, wani lokaci sai a kyamarar waya. Wasu motocin Dodge da Jeep da Chrysler sun yi suna a kan wannan. Lamarin ya fi muni a motocin da ke amfani da ƙwan dogon haske a matsayin fitilar rana, inda ake rage masa wuta sosai, ko a jera ƙwai biyu a layi ɗaya kowanne ya sami rabin bolt ɗin batir. Halojin zai yi ja-ja ya ba da haske mai laushi. Na'urar LED kuwa tana da iyakar da ƙasa da ita ba ta tashi, sai ta riƙa kamawa tana saki, ko kuma ta ba da cikakken dogon haske da rana tsaka a idon masu tahowa.

Akwatin da ake sayarwa don maganin karkarwa yawanci kafasita ce babba, tana tara wuta ta cike gurbin da aka yanka, wani lokaci da rezista a tare. Tana aiki a motoci da dama. Amma ita ma tana da nata tarkon: kafasita da ba komai a cikinta tana zuƙar wuta da ƙarfi a farkon kunnawa, wasu kwamfutocin sai su ɗauka waya ce ta haɗu, su yanke layin gaba ɗaya don kare kansu. Fitila ta kama na daƙiƙa biyu ta mutu, sai an kashe mota an sake tayarwa.

Inda motar ta yarda, hanyar da ta fi duk waɗannan ita ce a gaya mata gaskiya. A motoci da yawa ana iya shiga kwamfutar fitilu da na'urar bincike ta soket ɗin OBD, wato inda ake jona na'urar binciken a jikin mota, a canza mata saiti: a ce mata wannan layin yanzu LED ne, ta daina gwajin nan da take yi wa ƙwai tun ba a kunna shi ba, ta daina yanka wuta, ta sauke iyakar da take ɗauka a matsayin mutuwar ƙwai. Ba zafi, ba yanke waya, kuma ana iya mayarwa yadda yake. Sai dai ba kowace mota ce ke da wannan ƙofa ba, kuma aiki ne na wanda ya san abin da yake taɓawa, domin a wuri ɗaya saitin makullai da na gogen gilashi suke.

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu a kan fitilar kanta yake bayyana, mai mota zai iya danganta shi da ƙwan da ya canza. Waɗanda suka fi wahalar da masu gyara su ne waɗanda ke ɓulla a wani wuri can daban, kuma tushensu hali na uku ne, wato kasancewar zare hanya ce ko a kashe yake.

Ɗauki 'yar fitilar batir da ke dashbod. A tsofaffin motoci da yawa, wutar farko da altaneta ke buƙata don ta fara caji ta cikin wannan ƙwan take bi. Mutum ya ga dashbod ɗinsa ya dushe, ya canza ƙwayayen ciki duka zuwa LED har da wannan. Wutar da ke ratsa LED ba ta isa ta tayar da altaneta ba, sai ta ƙi fara caji har sai an taka totur inji ya yi sama sosai, wani lokaci ma ta ƙi sam. Bayan kwana biyu batir ya kwanta, a sayi sabon batir, a kwance altaneta a kai gyara, alhali mai laifin ƙwai ne da bai kai girman ƙwayar wake ba.

Ko kuma tsofaffin Toyota da dama, irin su Hilux da Land Cruiser masu ƙwan H4. A cikinsu wayar fozitib ce ke zaune a kan ƙwai kullum, makunnin yana yanke ɓangaren negatib ne, akasin yadda aka saba. LED ɗin da aka yi don tsarin da aka saba zai iya ƙin kamawa, ko ya juya dogon haske da gajere. Sannan shuɗiyar alamar dogon haske a dashbod ta cikin zaren gajeren haske take samun wutarta. An cire zare, alama ta tafi. Haka nan a wasu motocin, na'urar riƙe gudu, wadda ke riƙe mota a gudu ɗaya ba tare da taka totur ba, tana tabbatar da cewa ba a taka birki ba ne ta hanyar jin cewa wuta na iya bi ta cikin zaren fitilun birki zuwa jikin mota. Da an sa LED a duka fitilun birkin, sai ta ɗauka ƙafa na kan birki har abada, ta ƙi shiga.

Ƙwai mai zare biyu, wanda ke yin fitilar baya da ta birki a gilashi ɗaya, shi ma yana da nasa. A na asali zaren biyu kowanne da layinsa. A LED mai araha, layukan biyu suna haɗuwa a ciki a kan ƙwayoyin haske ɗaya, kuma idan ba a sa dayod mai tare hanya ba, wutar birki sai ta koma da baya ta layin fitilun gefe. Direba ya taka birki da rana, dashbod ya kama, fitilun gaba na gefe su kama, allon rediyo ya dushe don ya ɗauka dare ya yi. Akwai kuma ƙwai masu lamba 3157 da 7443 da soket ɗinsu iri biyu ne, kamanninsu ɗaya amma jerin ƙafafun ya bambanta. Zare bai damu ba, yana aiki a duka biyun. LED ɗin da bai dace da soket ɗin ba yana iya haɗa fozitib da jikin mota kai tsaye, fiyus ya ƙone nan take. Wanda ya ga haka ya ce bari ya sa fiyus mafi girma, garin neman gira zai rasa ido, don fiyus waya yake karewa ba ƙwai ba.

Hasken nan na dishi-dishi bayan an kashe mota kuwa yawanci bai kai abin tayar da hankali ba. Kwamfuta ko na'urar da ke dusar da fitilar rufi a hankali tana barin wata 'yar wuta ƙanƙanuwa tana zirarawa. Da ma can tana nan, zare ne kawai ba ya nuna ta. Ƙaramin ƙwan da ya ƙi kamawa sam kuma, kafin a ce ya mutu, a zare shi a juya shi a mayar, tunda ta fuska ɗaya kawai wuta ke ratsa LED.

Sai rediyo. Na'urar da ke ciyar da babban LED tana aiki ne ta hanyar kunna wuta da kashewa sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma duk abin da ke yin haka ƙaramar tashar watsa hayaniya ce idan ba a killace shi ba. Wayoyin fitila su zama eriya. Kamfanonin kirki suna sa matata da rufin ƙarfe don cika ƙa'idojin taƙaita wannan hayaniya irin su CISPR 25, masu neman arha kuwa nan suke fara yanke kuɗi, tunda mai saye ba ya gani. Sakamakon bai tsaya ga tashar FM da ke shuuu ba. Rimot ɗin makulli da na'urar auna iskar taya da siginar rediyo mai rauni suke aiki, kuma hayaniyar tana iya danne su. Zoben ferayit da ake maƙala wa waya yana ragewa, amma in ƙwan ya cika ƙazanta sai dai a canza shi.

Akwai kuskuren da ya yaɗu cewa LED ba ya zafi. Haskensa ne ba ya ɗauke da zafi, amma gindinsa yana yi, kuma ƙwayar ba ta jure abin da ya wuce wajen digiri 150 a cikinta. Halojin yana jefa zafinsa gaba ta gilashi. LED dole a janye masa nasa ta baya, shi ya sa ake ganin haƙarƙarin alminiyam ko 'yar fanka a gindinsa. Gidan fitila kuwa rufaffe ne, yana maƙwabtaka da inji. Idan an mayar da murfin roba, fanka tana juya iska mai zafi a wuri ɗaya, ƙwan ya rage haskensa da kansa bayan 'yan mintuna don ya tsira. Idan an bar murfin a buɗe don ya sha iska, ƙura da ruwa su shiga su ɓata madubin ciki. Ranar da fankar ta tsaya kuma, ƙwan ba ya daɗewa. Ga shi wutar mota ba tsayayya ba ce: tana faɗuwa ƙasa da bolt 10 lokacin tayar da inji, tana kuma iya yin tsalle mai tsanani na ɗan lokaci idan kan batir ya yi sako-sako inji na aiki. Zare yana shanye mafi yawan wannan. Na'urar LED da ba a sa wa kariya ba, tsalle ɗaya ya ishe ta.

Ba kowane laifi ne na ƙwai ba, gaskiya. Soket da ya yi tsatsa ko wayar da ke komawa jikin mota da ta yi sako-sako suna iya shekara suna nan, halojin ya ɗan dushe kawai ba wanda ya lura. LED ya zo ya fara karkarwa, a ce shi ya kawo ciwon, alhali tona shi ya yi. Abin da ya sa nake ganin gara a canza fitilu biyu-biyu, a gwada komai, sannan a wuce gaba, kuma kada a yar da tsofaffin ƙwayayen. Idan wani abu ya rikice, mayar da tsohon ƙwai gurbinsa shi ne gwaji mafi sauri da ke raba gardama tsakanin laifin ƙwai da laifin mota. Wanda ya canza goma sha biyu rana ɗaya, ya ga na'urar riƙe gudu ta daina aiki, daga ina zai fara?

Kuma ba duka guraben ne ribarsu ɗaya ba. A fitilar birki LED yana da hujja mai ƙarfi: yana riga zare kamawa da wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wanda a gudun kilomita 100 a awa ya haura mita biyar na ƙarin sarari ga wanda ke biye. Sai dai a sa ja a bayan jan gilashi, don farin LED ba shi da jan haske da yawa a cikinsa, gilashin zai tace mafi yawansa ya bar wani fari-fari mai rauni. Fitilun ciki da na ribas su ma ba su cika kawo rigima ba.

Fitilar gaba ce wurin da ko an shawo kan wutar, sauran magana na nan. Madubin cikinta an lanƙwasa shi ne a kan wani ɗigo guda, daidai inda zaren ke zaune, kuma zaren yana haska kowane ɓangare. LED allo ne mai fuska biyu da kauri a tsakani. Kuskuren milimita ɗaya ko biyu ya isa ya watsa hasken sama, direba ya ga alluna da bishiyoyi sun yi fari ya ɗauka ya ƙaru, alhali titin can nesa ya rage haske, masu tahowa kuma sun makance. A ma'aunin yawan haske, ƙa'idar H7 lumen 1,500 ce, don haka dubu ashirin da ake bugawa a kwali ko dai ƙarya ce ko kuma abin da bai kamata ya hau titi ba. Hukumomi ma a nan suka fi tsanantawa. A Jamus sai a 2020 hukumar kula da motoci ta KBA ta amince da ƙwan LED na farko da zai maye gurbin H7, na kamfanin Osram, kuma ba ga kowace mota ba, sai waɗanda aka gwada fitilarsu ɗaya bayan ɗaya aka sa a jerin suna. A Birtaniya tun 2021 motar da aka sa wa LED a gidan fitilar halojin tana faɗuwa gwajin lafiyar mota na MOT da ake yi shekara-shekara, in ban da tsofaffin da suka fara hawa titi kafin Afrilun 1986. A Amurka ma ƙa'idar tarayya ta FMVSS 108 ba ta amince da irin wannan musanya a fitilar gaba ba, duk da cewa ƙwayayen sun cika kasuwa.

Gwajin wannan ba ya buƙatar na'ura. Kafin a cire halojin, a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri tana fuskantar bango daga nisan kamar mita bakwai, a kunna gajeren haske, a manna salatif a kan layin da haske ya yanke. A canza ƙwai ɗaya kawai, motar na nan inda take, a kwatanta da ɗayan. Idan layin ya tsaya a kan salatif da kaifinsa, kuma wurin da ya fi haske yana dab da ƙarƙashinsa, ƙwan ya dace da fitilar. Idan layin ya narke haske ya haura sama, a gwada juya ƙwan a mazauninsa har fuskokinsa biyu su kalli hagu da dama. In an juya bai gyaru ba, wannan ba aikin rezista ko kafasita ba ne, tsohon ƙwan ne zai koma.